Rim ɗin katako a ƙafar keke: abin da ya yi aiki a Turai da abin da hunturun Jos zai yi masa

A wata rumfar gyaran keke da ke kusa da Kasuwar Katako a Jos na fara jin muhawarar ko za a iya yin rim ɗin keke da katako a garin nan, ranar da wani saurayi kafinta ya miƙa wa mai rumfar wayarsa domin ya ga hoton wani keken tsere da aka yi wa rim da katako. Dattijon ya ajiye sifanar da ke hannunsa, ya goge tafinsa da tsumma, ya ƙura wa hoton ido, sa'annan ya ce, "Yaro, wannan ai kayan ado ne, ba na hawa ba." Saurayin ya dage. "Baba, ga katako nan jibge a bayanmu, ga gam, ga inji. Me zai hana mu riƙa yin abinmu a nan, maimakon jiran na Sin da na Indiya?" Dukansu biyu sun yi kuskure a ganina, sai dai kuskuren dattijon yana da sauƙin gyarawa da tarihi kaɗai, na saurayin kuwa sai an shiga cikin yadda ƙafar keke take aiki kafin a gane inda yake.

Na dattijon za mu fara ɗauka. Da katako aka fara yin keke tun asali: abin hawa mai ƙafa biyu da Karl Drais ya fito da shi a Jamus a 1817 kusan duk jikinsa itace ne, kuma kekunan da aka riƙa ƙerawa a Faris a shekarun 1860 ƙafafunsu irin na keken doki ne, katako da aka ɗaure da zoben ƙarfe. Amma ba wannan ne rim ɗin da ke cikin hoton ba. Wanda ake magana a kai ya zo ne bayan John Boyd Dunlop ya yi tayar da ake hura wa iska a 1888, lokacin da aka riga aka koma ɗaure ƙafa da siraran wayoyin ƙarfe, waɗanda masu gyara suke kira sifok. Daga shekarun 1890 har zuwa shekarun 1930, siririn zoben katako shi ne abin da mafi yawan 'yan tsere suke hawa, saboda ya fi rim ɗin ƙarfe na wancan zamani rashin nauyi. A kansa aka hau duwatsun Faransa a gasar zagaya ƙasar da aka fara a 1903, a kan hanyoyin da yawancinsu ko kwalta babu. Kamfanin Mavic yana ba da labarin cewa a 1934 ɗan tsere Antonin Magne ya hau rim ɗinsu na alminiyom a ɓoye, an shafe shi da fenti ya yi kama da katako domin kada a gane, kuma a shekarar shi ne ya lashe gasar. Abin lura a labarin shi ne cewa a lokacin alminiyom ne baƙon da ake ɓoyewa, katako ne ɗan gida. Har yau a ƙauyen Magreglio da ke kusa da tafkin Como a Italiya akwai masu yin irin wannan rim da hannu, kuma masu son tsofaffin kekuna suna saye suna hawa. Saboda haka batun cewa katako ba zai ɗauki mutum ba bai taso ba.

Abin da ya kamata a tambaya shi ne a cikin wane irin tsari ya ɗauke shi. Ƙafar keke ba ta tsayuwa da kaurin rim kaɗai, kamar yadda ƙafar amalanke take tsayuwa. Ƙarfinta yana cikin ɗaurin wayoyin, waɗanda kowacce take jan rim zuwa cibiya tun kafin kowa ya hau. A ƙafar zamani mai rim ɗin alminiyom ana iya ɗaure kowace waya har jan da take yi ya kai na nauyin kilo 100, kuma idan wayoyin 36 ne, matsin da yake zagaya jikin zoben ya haura rabin tan alhali keken yana jingine a bango. Idan mutum ya hau, wayoyin da suke ƙasa, kusa da inda taya ta taɓa hanya, su ne suke ɗan sassautawa, da zarar ƙafar ta juya kuma sai su koma yadda suke. Muddin ɗaurin da aka yi musu tun farko ya fi wannan sassautawa yawa, ƙafar tana nan daram. Ranar da nauyi ya cinye ɗaurin gaba ɗaya, ƙaramin notin da ke riƙe da wayar sai ya sami sararin juyawa, ya fara kwancewa da kansa, rim ya karkace, ya soma gugar birki a kowane zagaye. Duk wanda ya taɓa ɗora buhun dankali a kan tsohon keke ya san wannan ƙarar.

A nan katako yake da iyakarsa ta farko. Itace yana da ƙarfi ƙwarai idan an matsa shi ta tsawon jijiyarsa, shi ya sa zoben kansa yake jure matsin da ke zagaya shi. Amma notin waya ba ta tsawon jijiya yake danna shi ba, ta gefe yake dannawa, kuma ta nan itace yake da taushi. Idan aka ɗaure wayar kamar yadda ake yi wa alminiyom, kan notin zai riƙa nutsewa cikin katakon a hankali. Saboda haka masu haɗa irin wannan ƙafa suna sa 'yar washa a ƙarƙashin kowane noti domin ta rarraba matsin, suna amfani da noti mai tsawo saboda kaurin katakon, kuma suna barin ɗaurin ƙasa da na alminiyom. Bayan an hau na 'yan makonni sai an sake zama an ƙara ɗaurewa, domin katakon yakan ɗan lotsa ya zauna. Ɗan tseren da bai wuce kilo 70 ba, wanda kuma makaniki yake bin sa yana duba masa ƙafafu kowane dare, wannan ba matsala ba ce a wurinsa. Mai ɗauko kabeji da karas zuwa kasuwar Farin Gada, wanda shi da kayansa sukan ninka wancan nauyi, yana buƙatar ɗauri mai yawa ne daidai a inda katako yake roƙon a sassauta masa.

Iyaka ta biyu ita ce wadda ta fi shafar mu a Jos, kuma ita ce wadda hoton waya ba ya nunawa. Itace ba ya daina shan ruwa da fitar da shi ko da ya shekara hamsin da sarewa. Kullum yana daidaita kansa da laimar iskar da ke kewaye da shi. Idan laimar iska ta kai kashi 80 cikin ɗari, kamar yadda take yi a nan a watannin Yuli da Agusta, katako yakan riƙe ruwan da ya kai kusan kashi 16 cikin ɗari na nauyinsa. Idan ta sauka zuwa kashi 20, abin da hunturu yake kawowa a Disamba da Janairu, ruwan da ke cikinsa yakan koma ƙasa da kashi 5. Ba sai an je makarantar koyon aikin gandun daji da ke garin nan ba kafin a ga sakamakon haka. Ƙofar katako da take ƙin rufuwa da damina ita ce take sakin baki da rani har a hangi tsakar gida ta tsagarta, kuma manomi ya san dalilin da ya sa yake tsoma fartanya a ruwa idan ƙota ta saki ruwan ƙarfen.

Wannan motsi ba daidai yake ta kowace fuska ba. Ta tsawon jijiya kusan babu shi, saboda haka kewayen rim ba ya canjawa sosai. Ta kauri da faɗi ne itacen yake kumbura yana motsewa, kuma itacen da Italiyawa suka fi amfani da shi, wanda ake kira bic, yana cikin masu yawan motsi. A rim mai kaurin da bai kai santimita biyu ba, bambancin damina da hunturu irin namu zai iya kai kusan rabin milimita. Mai karatu zai ce rabin milimita ai ba komai ba ne. To, zagaye ɗaya cur na notin waya bai wuce milimita 0.45 ba, kuma duk miƙewar da waya mai kaurin milimita biyu take yi idan an ɗaure ta tam kusan nan take tsayawa. Ko da rabin motsin ne kawai ya shafi mazaunin notin, daidai yake da a ce wani ya bi wayoyin duka cikin dare ya kwance kowacce da rabin zagaye. Ƙafar da aka haɗa a Agusta za ta yi sako-sako a Janairu, wadda aka ɗaure tam a Janairu kuwa katakonta zai kumbura a Agusta ya matse kan notin har ya lotsa, kuma lotsawar ba ta komawa. Man da kafintoci suke shafawa domin katako ya yi sheƙi yana rage saurin shigar laima, amma ba ya hana ta, balle ga ramuka 36 da aka huda a jiki, kowanne ƙofa ce. A Turai ma ana samun wannan motsi, sai dai iskar waje a can ba ta bushewa kamar ta hunturunmu, ba ta kuma daɗewa a bushe wata uku a jere.

Akwai kuma gam. Rim ɗin kirki ba daga gungume ɗaya ake sassaƙa shi ba, domin da an yi haka da jijiyar itacen ta yanke a wurare da dama, ya karye tun a hawan farko. Siraran falle ake yankawa, a tanƙwara su a kan ma'auni mai siffar zobe, a manna su ɗaya bisa ɗaya, a kuma tsara mahaɗarsu yadda ba za su taru a wuri guda ba. Wanda ya taɓa kallon mai yin rariya yana lanƙwasa zoben katakonta ya ga mafarin sana'ar, amma rariya ba ruwanta da kuskuren milimita ɗaya, rim kuwa da shi za a ji yana tsalle a ƙarƙashin mutum. Farin gam ɗin da aka fi samu a rumfunan kafintocinmu yana laushi idan ya jiƙa, yana kuma jan jiki a hankali idan matsi ya daɗe a kansa, ga shi rim yana ƙarƙashin matsi dare da rana. Sai an nemi gam mai jure ruwa irin wanda ake haɗa jirgin ruwa da shi, wanda shi ma daga waje yake zuwa. Da wannan kaɗai lissafin arahar da saurayin nan ya yi ya fara tangaɗi.

Batun wane itace za a yi amfani da shi ba ƙarami ba ne, ko da yake ba zan daɗe a kansa ba. Ana son mai miƙaƙƙiyar jijiya, marar ƙulli, mai karɓar tanƙwara ba tare da ya tsage ba. Ƙirya tana da taurin da ake yin turmi da ita, amma tauri da nauyi ba su ne ake nema ba. Bishiyar turare, wadda aka dasa da yawa a filayen da haƙar kuza ta lalata, ita ce mafi kusa da hannu, kuma ita ce ta yi suna wajen tsagewa da murɗewa yayin bushewa. Mafi yawan katakon da ake sayarwa a kasuwa ma ɗanye ake kawo shi, a jikin kujera ko silin yake ƙarasa bushewa.

Sai birki, inda lamarin ya fi ban sha'awa, domin a nan aibin katako da amfaninsa abu ɗaya ne. Birki ba ya yin komai illa mayar da gudu zafi. A ɗauka mutum da kekensa kilo 100 ne, suka sauko gangaren da zurfinsa ya kai mita 300, irin doguwar saukar da masu bin Hawan Kibo suka sani. Ƙarfin da za a kashe a wannan saukar ya isa ya kai lita ɗaya ta ruwan sanyi bakin tafasa, kuma in ban da abin da iska ta ɗauke, sauran duk a birki zai ƙare. Alminiyom yana tafiyar da zafi fiye da katako kusan sau dubu, saboda haka yakan kwashe zafin ya zagaya da shi ya saki a iska. Katako ba ya karɓa; a fuskar robar birkin zafin yake taruwa har ta narke ta shafe jikin rim, ko kuma ta ƙona shi. Shi ya sa masu hawan rim ɗin katako suke sa birki na ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, ko na fata, maimakon roba. Amma ga ɗan tseren da, wannan rashin karɓar zafi alheri ne. Tayarsa ba irin tamu ba ce mai tib daban da baki da yake maƙalewa a gefen rim. Taya ce da aka ɗinke tib a cikinta, ake manna ta a bayan rim da gam. A doguwar gangara rim ɗin ƙarfe yana iya yin zafin da zai narkar da gam ɗin taya ta zame, na katako kuwa yana nan da sanyinsa. Abin mamaki, da aka zo zamanin rim ɗin zaren kabon, wato zare marar nauyi mai ƙarfi da ake haɗawa da gam, wanda shi ma ba ya tafiyar da zafi da kyau, sai ga masu tsere sun sake komawa ga birkin ɓawon itace.

Idan ruwa ya sauka kuwa, birki a kan jiƙaƙƙen katako mai sheƙi ba abin dogaro ba ne, kuma yashin da ruwa yake ɗaukowa daga hanya yana cin katako da sauri fiye da yadda yake cin ƙarfe. A garin da ake yin wata shida ana ruwa, kuma da wuya a yi tafiyar kilomita biyu ba a hau ko an gangara ba, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ƙari a kan haka, kekunan da suka fi yawa a hannun masu ɗaukar kaya, irin su Raleigh da Phoenix da Hero masu ƙafa inci 28, birkinsu na sandar ƙarfe ne da yake jan roba sama ta kama cikin rim, ta ɓangaren da wayoyi suke. An yi wannan birki ne domin rim ɗin ƙarfe mai shimfiɗaɗɗiyar fuska ta ciki, kuma zoben katako na tsere ba shi da wannan fuskar. Wanda zai sauya rim a irin wannan keke sai ya sauya birkin gaba ɗaya.

Tayar ma haka. Tayar da ake samu a kowace rumfa, wadda mai faci zai cire ya liƙe cikin minti goma, iskar cikinta tana tura gefunan rim biyu waje ne, wato tana ƙoƙarin tsaga itacen ta inda gatari yake tsaga shi. Akwai rim ɗin katako da aka yi domin irin wannan taya, amma ana iyakance iskar da za a hura masa, wasu masu ƙerawa kuma suna ƙarfafa shi da zaren kabon a ciki. Tayar mannawa da ta fi dacewa da katako tana da tsada, ba a ajiye ta a rumfunanmu, kuma idan ƙaya ta huda ta sai an farke ɗinkin an yi faci an sake ɗinkewa an sake mannawa.

Masu son rim ɗin katako suna yawan cewa yana shanye girgizar hanya, kuma wannan ne ya sa wasu 'yan tsere suka ci gaba da hawansa a kan hanyoyin duwatsu na arewacin Faransa bayan alminiyom ya karɓe ko'ina. Ban musa cewa itace yana kashe karkarwa fiye da ƙarfe ba. Sai dai ina ganin ana ba shi yabon da na wasu ne, domin taya tana lotsawa da milimita da yawa a duk inda ta taka dutse, rim kuwa motsinsa ta wannan fuska bai kai milimita ɗaya ba. Mai neman laushin tafiya a hanyar Bukuru zai fi samunsa idan ya sa taya mai faɗi ya rage mata iska kaɗan. Inda katako ya yi fice da gaske shi ne ƙaramin bugu: ramin da zai bar lotsawa a bakin alminiyom, katako yakan lanƙwashe ya dawo. Babban bugu kuwa ba ya barin abin gyara. Rim ɗin ƙarfe da ya lanƙwashe na sha ganin dattijon nan ya kwantar da shi a ƙasa, ya taka gefe ɗaya, ya bubbuga da guduma, ya ɗaure wayoyi, mai keke ya hau ya tafi; in ya mutu murus ma yara su ɗauka su yi gare da shi. Na katako darewa yake yi, da tsini.

Ba wai itace ba shi da wuri a sufurin nahiyar nan ba ne. A Goma da ke gabashin Kongo ana ɗaukar kaya masu nauyin gaske a kan wani abin turawa na katako da suke kira cukudu, amma ƙafafunsa dunƙulallun itace ne masu kauri da aka naɗe da robar taya, babu waya, babu iska, babu siririn zobe da zai saki. A Gana ana yin kekuna da gora, amma jikin keken ne na gora, ƙafafunsa na ƙarfe ne da alminiyom kamar na kowa. Masu wannan sana'a ba rashin tunani ne ya sa suka tsaya a nan ba.

Wanda yake son rim ɗin katako a Jos domin sha'awa, ba domin neman abinci ba, yana da hanya. Ya haɗa shi da birkin da ba ya taɓa rim, ko na faifai da ke kama cibiya ko na feda da ake takawa baya, wanda hakan ya kawar da matsalar zafi da ta ruwa a lokaci guda, ko da yake irin wannan birki ta cikin wayoyi yake ratsa ƙarfinsa, saboda haka ɗaurinsu yana buƙatar ƙarin kulawa. Idan daga waje ya sayo zoben, kada ya haɗa shi ranar da ya iso. Ya rataye shi a inuwa na wasu makonni ya saba da iskar garin, a shafe cikin kowane rami da mai kafin a sa waya, kuma ya san cewa zai kai ƙafar a duba ɗaurinta aƙalla sau biyu a shekara, da shigar hunturu da kuma bayan ruwa ya zauna. Kada ya jingine keken a rana, kada ya bar shi a ƙasan da gara take.

Saurayin kafintan kuwa, abin da na ba shi shawara ya yi kafin ya kashe kuɗi a kan ma'auni da gam ba ya buƙatar keke ko kaɗan. Ya yanka 'yan guntaye masu kaurin rim daga kowane itacen da yake tunanin amfani da shi, ya shafe rabinsu da mai ya bar rabi, ya auna kaurinsu da ma'aunin makanikai a ƙarshen Agusta, ya rataye su a rumfa, ya sake aunawa a tsakiyar Janairu. Dattijon ya ce zai ba shi ƙusa ɗaya a jikin ginshiƙin rumfarsa ya rataye su, da sharaɗin kada su tare masa inda yake rataye tib.